Gandu da gamana: mata da ƙasar noma a kudancin Nijar, da aikin da ya rataya a wuyan jami'a

Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna son mu duba wata matsala da ta shafi zaman mata da maza a karkarar Hausa ta kudancin Nijar, musamman jihar Maraɗi da wani ɓangare na Damagaram: yadda mata ke rasa gonakin da a da suke nomawa don kansu. Mun zaɓi wannan batu ne domin yana nuna a fili abin da ake nufi idan ana maganar jinsi da ci gaban ƙasa, maganar da ɗalibai da yawa ke ɗauka baƙuwa ce da masu ba da tallafi suka shigo da ita. Za mu fara da bayanin kalmomi, sannan mu kawo abin da bincike ya gano, mu duba abin da doka ta tanada, daga ƙarshe mu faɗi abin da muke ganin ya kamaci jami'a ta fuskar koyarwa da bincike da mayar wa jama'a abin da aka samo daga gare su.

1. Abin da muke nufi da jinsi

Kalmar Faransanci genre ita ce muke fassarawa da jinsi. Fassarar tana da ɗan rauni, domin a Hausar yau da kullum jinsi na nufin iri, ko kuwa bambancin halitta tsakanin namiji da mace. Abin da masu nazarin zaman jama'a ke nufi ya wuce nan. Suna nufin rabon aiki da dukiya da ikon magana da kowace al'umma ke yi tsakanin maza da mata. Haihuwa da shayarwa halitta ce. Amma cewa mace ce ke daka, namiji ne ke riƙe da rumbu, ko cewa matar wannan gari tana noma ta wancan gari ba ta yi, wannan tsari ne na mutane, yana bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma yana canzawa da zamani.

Tunanin ya samo tushe daga littafin da Ester Boserup, wata masaniyar tattalin arziki ƴar ƙasar Danmak, ta fitar a 1970, inda ta nuna cewa shirye-shiryen raya karkara a Afirka suna mu'amala da maza kaɗai, alhali mata na yin kaso mai yawa na aikin gona. Daga nan aka yi tarukan duniya kan mata a Meziko a 1975, a Nairobi a 1985, da Bejin a 1995. Da farko an tsaya a kan shigar da mata cikin ayyukan ci gaba: a ba su injin niƙa, a koya musu ɗinki da saƙa. Daga baya aka gane cewa kallon mace ita kaɗai bai isa ba, sai an dubi dangantakarta da miji da uba da ƴan uwa maza da maigari, tun da a hannunsu ƙasa da shawara suke.

A Nijar ma maganar tana da tarihinta. An kafa ƙungiyar matan Nijar a 1975, zamanin Seyni Kountché. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa a cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Bayan zanga-zangar aka ƙara mata biyar, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A shekara ta 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ware wa kowane jinsi aƙalla 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da 25 cikin 100 na manyan muƙaman naɗi. An ɗaga kason a 2014, aka sake ɗaga shi a 2019 zuwa 25 da 30. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 tana da mace ɗaya cikin ƴan majalisa 83, ta 2004 kuwa mata 14 cikin 113. Waɗannan nasarori ne na gaske, sai dai yawancinsu a birni suka tsaya. Matar ƙauye abin da ya fi damunta shi ne inda za ta shuka idan ruwa ya sauka.

2. Gandu da gamana

Tsarin noman gargajiya na Hausawan wannan yanki ya kasu biyu. Akwai gandu, babbar gonar gida, wadda maigida ke jagoranta, kowa na gidan yana aiki a cikinta, amfaninta kuma yana shiga babban rumbu. Akwai gamana, wadda a wasu wurare ake kira gayauna: ɗan fili da maigida ke yanka wa matarsa ko ɗansa da ya tasa. Ana raba ranakun mako, wasu na gandu wasu na gamana. Abin da mace ta noma a gamanarta, hatsi ne ko wake ko gyaɗa ko yakuwa ko riɗi, nata ne, ba mai taɓa shi sai da yardarta.

Wajibi ne a lura cewa gamana aro ce. Mace ba ta sayar da ita, ba ta ba da ita jingina, ba ta gadar da ita, kuma idan aure ya mutu gamana tana komawa hannun mai ita. Duk da haka amfaninta a cikin gida babba ne. A gidaje da yawa, bayan an gama girbi maigida yakan rufe babban rumbu ya tafi cin rani, ba a buɗewa sai damina ta kusa, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. A watannin rani da hatsin gamana uwa ke ciyar da kanta da ƴaƴanta. Da shi take sayen akuya, ta yi biki, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, ta kai yaro likita.

Wannan ya kai mu ga wani abu da duk mai binciken ƙasar Hausa ya sani: miji da mata ba aljihu ɗaya gare su ba. Mace na iya ranta wa mijinta kuɗi ya biya ta, tana iya sayar masa da ƙuli-ƙuli ko fura. Claude Raynaut ya bayyana wannan a ayyukansa kan ƙauyukan Maraɗi a shekarun 1970. A ƙetaren iyaka, Polly Hill ta nuna a Batagarawa kusa da Katsina irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hanyar tallar yara. Barbara Cooper kuma, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta bi diddigin yadda mata ke gina dukiya da mutunci ta hanyar biki da kayan aure da mallakar gida. Darasin duka ɗaya ne: wanda ya ƙidaya dukiyar maigida kaɗai bai san halin da gidan ke ciki ba.

3. Yadda ƙasa ta ƙure

Ƙidayar jama'a ta 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. A 1988 sun haura miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi kaɗai tana da kimanin miliyan 3 da dubu 400, yawancinsu a cunkushe a kudu, inda ruwan sama ya fi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 7,6 ga kowace mace a ƙasar. Na 2021 ya ba da 6,2. Ƙasar noma kuwa ba ta ƙaruwa. Dajin da ake sara a yi sabuwar gona ya ƙare a kudancin Maraɗi, an daina barin gona ta huta, fari na 1973-1974 da na 1984-1985 sun sa talakawa da yawa sun sayar da gonaki ko sun jinginar, ƴan kasuwa da ma'aikatan birni kuma suka shiga saye.

Idan gona ta ƙanƙance, wa ake fara cirewa? Marthe Diarra Doka, ta Cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni, tare da Marie Monimart, sun amsa wannan tambaya a ayyuka biyu da suka fitar a 2004 da 2006. Sun nuna cewa a wuraren da matsin ƙasa ya fi tsanani, kamar yankin Jiratawa da ke kudu da birnin Maraɗi, mata ne ke fara rasa gamana, samari na bi musu. Suka kira abin da ke faruwa ficewar mata daga noma.

Abin yana tafiya mataki-mataki. Da farko gamana na raguwa, ko a tura mace gefen da ƙasa ta gaji. Sannan amarya ta zo gida ba a yanka mata komai ba. Daga baya a hana mata zuwa gona gaba ɗaya, a ce kulle ne. A nan ake bukatar lura sosai. Kullen da aka sani a birane da gidajen malamai da attajirai alama ce ta wadata: miji ya ɗauke wa matarsa wahalar gona da ɗiban ruwa da itace, ya ɗauki nauyin ci da sha duka. Wanda ya bayyana a waɗannan ƙauyuka kuwa kullen gona ne kawai. Matar tana zuwa rijiya, tana zuwa itace, tana zuwa biki, gona ce kaɗai aka rufe mata. Mijin da ba shi da filin da zai ba matarsa ya samu hanyar rufe talaucinsa da rigar addini, ita kuma ta rasa rumbunta ba tare da an ɗauke mata nauyin ciyar da yara ba.

Sakamakon bai tsaya ga hatsi ba. Yarinyar da uwarta ba ta noma ba za ta koyi noma ba, ba za ta san iri ba, ba za ta san ƙasa ba. Ko da ta gaji gona wata rana sai ta ba wani ya noma. Mace marar gamana tana komawa ga sana'o'in da kowa ke yi, tuyar ƙosai, sayar da fura, dakau, inda riba ƴar kaɗan ce domin masu yi sun yi yawa. Wasu kuma suna yin ƙwadago a gonar wani. Yunwar 2005 ta fito da wannan rauni fili. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60 000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa. Hatsi yana kasuwa, tsada ce ta hana saye. Ba mu cewa rashin gamana shi kaɗai ya jawo wannan, amma uwar da ba ta da rumbu kuma ba ta da akuyar sayarwa ba ta da abin da za ta tare wa ɗanta yunwa da shi.

4. Doka uku a kan gona ɗaya

Gona ɗaya a ƙauyen Hausa tana ƙarƙashin dokoki uku: al'ada, shari'ar Musulunci, da dokar gwamnati.

A al'adar da, ƙasa ta zuri'a ce, maza ke riƙe da ita, domin mace za ta yi aure ta tafi wani gida. Idan uba ya rasu akan ba ƴaƴa mata wani abu daga dabbobi ko kaya, gona ta zauna hannun maza.

Shari'a, bisa mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar, ta ba mace rabo bayyananne a cikin duk abin da mamaci ya bari, har da gona. Mu ɗauki misali: mutum ya rasu ya bar eka 4, da mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumuni, wato rabin eka. Sauran eka 3 da rabi za a kasa su bakwai: kowane namiji ya ɗauki eka ɗaya, kowace mace rabin eka. Jimillar abin da ya shiga hannun mata huɗun nan eka 2 ne, rabin gonar ke nan. Shi ya sa masu binciken da muka ambata suka lura da wani abu da mai kallo daga nesa ba zai zata ba: yayin da wasu ke fakewa da addini su hana mata gona, mata kuma da addinin suke neman gadonsu a gaban alƙali da sarki. Sai dai mai nema tana biyan farashi. Macen da ta ƙwaci rabonta daga hannun ƴan uwanta maza tana tsoron ranar da aure zai mutu ta rasa gidan komawa. Da yawa sukan bar rabon a hannun wa ko ƙane, ana ɗan aiko musu da dami bayan girbi, wata shekara ma ba a aikowa.

Dokar gwamnati kuwa ita ce ta 2 ga Maris 1993 da ta kafa ginshiƙan kundin dokokin karkara. Ta bayyana cewa albarkatun karkara dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, kuma duk ɗan Nijar yana da damar cin moriyarsu ba tare da bambancin jinsi ko asali ba. Ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka kakkafa daga matakin gunduma zuwa na ƙauye, da wakilcin mata a cikinsu, masu ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Amma dokokin tsarin shari'a, tun daga ta 1962, sun bar batun aure da saki da gado a hannun al'adar masu ƙara. Yunƙurin kafa kundin dokar iyali ya ci tura a shekarun 1990, wani yunƙurin ya sake faɗuwa a 2011. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata a 1999 tare da togaciya a kan wasu sassa, har da wanda ya shafi gado, majalisar dokoki kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a 2006.

Takarda ma tana da kaifi biyu. Idan mace ta sayi gona ko ta gada, takarda na kare ta. Idan kuwa maigida ya rubuta gonar gida duka da sunansa, gamanar da ke cikinta ba ta bayyana ko'ina, ranar da ya sayar kuma matar ba ta da abin nunawa.

5. Dubarun da mata suka samo

Kuskure ne a ɗauki matan nan a matsayin masu zaman jiran taimako. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani aiki a jihar Maraɗi da aka sa wa suna Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashin da mata suka saba da shi. Mata kimanin 30 ke haɗuwa, kowane mako kowacce ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, ana ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai makullai da ke hannun mata daban-daban, ana ba mambobi rance na ɗan lokaci su mayar da ƙari, a ƙarshen zango a raba. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Tsarin ya bazu a Nijar, daga baya aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Da kuɗin asusu wasu mata sun karɓi jinginar gona ko sun yi haya, wasu ƙungiyoyi sun kafa rumbun tsimi na hatsi, wasu mambobi kuma sun tsaya takara a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004.

Amma a nan ma bincike yana da tambayar da zai yi. Matar da ba ta da abin zubi na mako ba ta shiga ƙungiya. Wadda ke iya sayen gona galibi babbar mace ce da ƴaƴanta suka girma, tana da jari da bakin magana. Amarya ƴar shekara 15 ba ta da ko ɗaya, alhali binciken 2012 ya nuna cewa 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an yi musu aure kafin su kai 18. Mata ba tsintsiya ɗaya ba ce: akwai uwargida da amarya, mai gado da marar gado, matar attajiri da matar ɗan ƙwadago.

6. Abin da ya rataya a wuyan jami'a

Jami'ar Yamai, da aka kafa a farkon shekarun 1970 aka kuma sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ta daɗe ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a tsakiyar yankunan da wannan matsala ta fi shafa. Yawancin ɗalibansu ƴaƴan manoma ne, iyayensu mata sun noma gamana. Muna ganin aikin da ke gabanmu ta fuska uku ne.

Ta fuskar koyarwa, bai kamata batun jinsi ya zama darasi guda da ake yi a sashen nazarin zaman jama'a a manta da shi ba. Ɗalibin aikin gona da zai yaɗa sabon iri ya kamata ya san wa ke noman wake da riɗi, kuma a wace irin ƙasa. Ɗalibin shari'a ya kamata ya iya rabon gado na Malikiyya kamar yadda ya iya dokar 1993, ya kuma san abin da ke faruwa a zauren maigari. Ɗalibin labarin ƙasa da ke zana taswirar gonaki ya tambayi wa ke noma kowane yanki, ba sunan mai gona kawai ba.

Ta fuskar bincike, gyaran farko yana cikin takardar tambayoyi. Yawancin takardun suna farawa da shugaban gida, su tambaye shi eka nawa gare shi, dami nawa ya samu. Da wannan hanya gamana ba za ta taɓa fitowa ba, ɓacewarta ma ba za a gani ba. Dole a tambayi kowace mace ita kaɗai, ba a gaban miji ko kishiya ba, mace ce kuma za ta yi tambayar, a lokacin da ta gama daka da girki. Dole a bambanta kalmomi: aro, haya, jingina, kyauta, gado da saye ba abu ɗaya ba ne, amsar gonata ce kuma tana iya nufin kowanne daga cikinsu. Ana bukatar komawa ƙauye ɗaya bayan shekara biyar ko goma, domin canjin da muke magana a kai ba ya ganuwa a ziyarar mako guda. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna amfanin doguwar zama cikin jama'a da sauraren su da harshensu. Akwai kuma tambayoyin da ke jiran masu kammala karatu. Ga ɗaya: tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka raya itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tsiron kututture ya girma, har aka kiyasta hekta miliyan 5. Itace ya dawo kusa da gida, amma a gonar wani yake. Macen da ba ta da gona, wane hakki gare ta a kan reshen gawo ko ganyen kuka?

Ta fuskar mayar da sakamako, al'adarmu ita ce a rubuta kundi da Faransanci, a kare shi gaban malamai, a ajiye a kabad. Matan da suka bar aikinsu suka amsa tambayoyi ba su sake jin labari. Muna ba da shawara kowane bincike na karkara ya ƙare da zama a ƙauyen da aka yi shi, da Hausa, zaman mata daban na maza daban, sannan a haɗu. A gayyaci limami da maigari da ƴan kwamitin filaye, domin su ne ke raba gado da sa hannu a takarda. A ba gidajen rediyon karkara taƙaitaccen bayani. A fassara takardun shaidar filaye da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami. Irin wannan zama yana gyara binciken kansa, domin mutanen gari sukan nuna wa mai bincike inda ya fahimci magana a karkace.

Kammalawa

Mun ga cewa gamana, duk da kasancewarta aro, ita ce ginshiƙin abincin rani da ƴancin aljihun matar karkara. Cewa ƙarancin ƙasa yana fara cin rabon mata kafin na kowa. Cewa al'ada da shari'a da dokar gwamnati kowace tana ba mace wani abu tana kuma barin wata ƙofa a buɗe. Kuma cewa mata sun samo dubarunsu, ko da yake ba su isa ga mafi talauci ba. Ba mu da'awar cewa mayar wa kowace mace gamana zai yiwu a inda gonar gida duka ba ta kai eka ɗaya ba. A irin waɗannan wurare tambayar ta koma ta sana'a da karatun ƴaƴa mata da noman rani. Abin da jami'a za ta iya shi ne ta auna abin da ke faruwa da ma'aunin da ke ganin mata, ta horar da ma'aikatan da suka san gandu da gamana, ta kuma kai abin da ta gano ga masu rabon gado da masu rubuta doka. Muna fatan abokan aiki na Damagaram da Tawa za su kawo bayanin yankunansu, domin a kwatanta da na Maraɗi a fitowa ta gaba.